Sa ido kan rubuta magani da ladabtar da likitoci a arewacin Kamaru

Sa ido kan rubuta magani shi ne ikon da doka ta ba hukuma na ta duba irin maganin da likita yake rubuta wa marar lafiya, ta tambaye shi dalili, ta kuma hukunta shi idan ya kauce wa ƙa'idar aiki. A Kamaru wannan iko ya rabu tsakanin Ma'aikatar Lafiya da ke Yawunde, da ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ake kira ONMC, da kotuna. Batun ya fi zafi a jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, inda likitoci suka yi ƙaranci, shan tiramol kuma ya zama ruwan dare.

Dokoki

Tushen lamarin shi ne doka mai lamba 90/036 ta 10 ga Agusta 1990, wadda ta tsara aikin likita. Ba wanda zai duba marar lafiya da sunan likita sai sunansa yana cikin rajistar ONMC. Majalisar ƙungiyar tana da zauren ladabtarwa, kuma hukuncinsa hawa huɗu ne: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa daga wata uku zuwa shekara ɗaya, sai soke suna daga rajista. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara. Ladubban aikin kansu suna cikin wata dokar shugaban ƙasa ta 1983. Magunguna masu sa maye kuwa, irin su mofin da ake bayarwa don ciwo mai tsanani, suna ƙarƙashin doka mai lamba 97/019 ta 7 ga Agusta 1997, wadda ta kasa su rukuni-rukuni, ta kuma tsaurara sharuɗɗan rubuta su da sayar da su.

Akwai wani ƙulli a dokar 1990 da ya kamata a lura da shi. Likitan gwamnati ba a gurfanar da shi gaban zauren a kan aikinsa sai da hannun ma'aikatar lafiya a ciki. A arewa kuwa, asibitin gwamnati ne gatan yawancin mutane.

Abin da ake kuka da shi

Wanda ya taɓa tsayawa a kantin magani a Garwa ko Marwa ya san hoton nan. Magidanci ya miƙa takardar likita, wadda ake kira odonas, ɗauke da magani biyar ko shida saboda zazzaɓin ɗansa. Mai kanti ya lissafa kuɗi, magidanci ya duba aljihu, sannan ya ce, "Don Allah, wanne ne ya fi muhimmanci a ciki?" A nan mai sayarwa yake yanke shawarar da ta kamata likita ya yanke. Sau da yawa takardar ta haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod lokaci guda, bisa gwajin jini na Widal wanda masana suka daɗe suna cewa shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod. Yawan ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa buƙata ba shi ke sa ƙwayoyin su daina jin magani, kuma talaka ne yake fara ɗanɗana kuɗarsa. Ana kuma kokawa da wakilan kamfanonin magani masu zarya a asibitoci suna tallata hajarsu.

Wani gyara da za a iya yi wa wannan shi ne a faɗaɗa ikon hukuma: a riƙa duba takardun magani ba sai an kawo ƙara ba, a kai ziyarar ba-zata, a dakatar da likita na wucin gadi idan ana bincike mai nauyi a kansa, a kuma sauƙaƙa wa marar lafiya hanyar kai kuka ba tare da ya yi tattaki zuwa Yawunde ba.

Tiramol

Tiramol maganin ciwo ne na halal, wanda ake bayarwa miligiram 50 ko 100, ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, kuma yawancinsa ta fasa-ƙwauri yake shigowa. 'Yan acaɓa da leburori suna sha don su jure gajiya, ƙarshensa jijjiga da haɗarin hanya. Indiya, inda ake yin mafi yawansa, ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018. A Cadi, a 2020, kotu ta ɗaure wasu jami'an soja da na leƙen asiri kan safararsa. Wannan kaya bai bi ta alƙalamin likita ba, don haka hukuncin ONMC ba ya kai gare shi. Aikin kwastan ne da 'yan sanda da masu duba kantunan magani.

Iyakar gyaran

A ƙananan asibitocin karkara na yankunan Mayo Sava ko Logon da Shari a jihar Arewa Mai Nisa, wanda yake rubuta magani galibi nas ne, kuma shi ƙungiyarsa daban, dokarsa daban. Duk gyaran da ya tsaya kan likitoci kawai zai bar mafi yawan takardun magani na arewa a waje. Akwai kuma wani abin tsoro, mai taɓa zuciya: masu ciwon daji da masu sikila tun yanzu suna wahalar samun mofin, kuma likitan da yake fargabar bincike zai iya ƙin rubuta shi ga wanda yake murƙususu a gabansa. Shi ya sa ya kamata duk sabon ikon bincike ya zo da rubutacciyar ƙa'idar ba da maganin ciwo mai tsanani, wadda likita zai nuna wa mai bincike ya kare kansa da ita.