Waiwaye: Tarihin rahoton kuɗi a kamfanonin zuba jari, da abin da ya shafi Sakkwato

A watan Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari, wadda ta maye gurbin ta 2007. Cikin abin da ta tanada har da tarar naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari alhali da kuɗin sabon shiga yake biyan na farko. Ba a yi wata guda ba CBEX, wata manhajar zuba jari ta intanet, ta rufe da dukiyar mutane. Irin wannan damfara ba ta da wuyar ganewa: babu rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, babu rahoton shekara, babu mai binciken da ya sa hannu a komai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne asarar da aka sha tafkawa a kamfanoni masu rajista da ofis da daraktoci, waɗanda ke buga rahoto mai sheƙi kowace shekara. Kusan duk ƙa'idar da ake bi yau wajen rubuta rahoton kuɗi, sai da wani ya yi kuka kafin a kafa ta.

Mu a Sakkwato bai kamata batun ya zame mana baƙo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Hadisin Ibnul Lutbiyya kuwa sananne ne: an tura shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya hau mimbari ya tsawatar. Daular Usmaniyya ta yi baitulmali da ma'aji da sa'i mai karɓar zakka. Amma abin da ya fi kusa da kamfanin zuba jari na yau shi ne ƙiradi, wanda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ratsa babinsa. Mai dukiya ya ba da uwar kuɗi, mai juyawa ya yi fatauci, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya. In an yi asara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗauka. Ba a yarda a yanke wa mai dukiya wani adadi tabbatacce ba, ba a kuma yarda a ɗora wa mai juyawa lamunin uwar kuɗi ba. Sharaɗin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: ba a raba riba sai kaya sun koma kuɗi, uwar kuɗi ta dawo hannu. Malaman Malikiyya sun gane tun ƙarnoni da suka wuce cewa ribar da ke cikin buhu ba a sayar ba, ƙiyasi ce kawai.

Zamanin Turawa an mayar da baitulmali ofis mai littattafan lissafi da kasafin shekara, aka fara a Katsina sannan ya bazu. Kamfani mai hannun jari kuwa sai zamanin Sardauna ya kafu sosai a Arewa. A 1956 aka kafa hukumar raya Jihar Arewa, wadda ta zama NNDC a 1968, mallakin jihohin Arewa 19 a yau. A 1959 aka samar da kamfanin zuba jari na NNIL, aka kuma kafa Bankin Arewa a daidai wannan lokaci. Rabon Sakkwato mafi girma shi ne kamfanin siminti na CCNN a Kalambaina, wanda aka yi wa rajista a 1962 ya fara aiki a 1967. Kasuwar hannayen jari ta Legas ta fara ciniki a 1961. Da dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa suka zo a 1972 da 1977, ɗaiɗaikun mutanen Arewa da suka sayi hannun jari ba su da yawa, wasu don rashin kuɗi, wasu don shakkar halascin abin. Gwamnatocin jihohi ne suka saya a madadin jama'arsu, suka ajiye a kamfanonin zuba jari na jiha. Kamfanin Zuba Jari na Sakkwato yana cikin irin waɗannan. Ke nan tun daga tushe dukiyar ta talakawa ce, amma talakan bai taɓa riƙe takardarta ba, bai kuma taɓa zama a babban taron shekara ba.

Hukumomin sa ido sun biyo baya a hankali. Ƙungiyar akantoci ta ICAN ta samu dokarta a 1965, SEC a 1979, hukumar tsara ƙa'idojin lissafi a 1982. Dokar kamfanoni ta 1990 ta wajabta wa kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki kafa kwamitin binciken kuɗi da wakilan masu jari a cikinsa. Duk da haka shekarun 1990 sun cinye bankuna da gidajen kuɗi masu yawa. A Janairun 1998 kaɗai an soke lasisin bankuna 26, kuma babban abin da ya kashe yawancinsu shi ne bashin da daraktoci suka ba kansu da 'yan uwansu ba su biya ba.

Darasi mafi tsada shi ne na 2004 zuwa 2009, kuma a nan ya kamata a tsaya. A Yulin 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. Don tara wannan kuɗi bankuna suka fito talla, fom ɗin sayen hannun jari ya shiga sakatariya da makarantu da Babbar Kasuwa. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ɗan kasuwar fata duk sun saya, domin farashi kullum hawa yake yi. Abin da rahotannin wancan lokaci ba su fito da shi fili ba shi ne, bankunan da kansu ke ba dillalai da kamfanonin zuba jari rance su sayi hannun jari, wani lokaci na bankin da ya ba da rancen, a kuma riƙe hannun jarin a matsayin jingina. Rancen ya ɗaga farashi, farashin ya ƙara wa jinginar daraja a takarda, sai a ƙara wani rancen a kanta.

Akwai wata dabarar kuma. A lokacin kowane banki yana da watan da yake rufe lissafinsa, wani Maris, wani Yuni, wani Satumba. In watan wani ya gabato sai ya jawo ajiya daga 'yan uwansa na 'yan kwanaki, lissafinsa ya kumbura, bayan an rufe littafi kuɗin su koma. Kamar mai aurar da 'ya ne ya aro kwanoni a makwabta ya cika jere, baƙi na watsewa kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Ma'aunin farashin hannayen jari a kasuwar ya haura 66,000 a Maris na 2008. A farkon 2009 ya faɗo ƙasa da 22,000. An so a ɗora laifin duka a kan rikicin kuɗi na Amurka da faɗuwar bankin Lehman Brothers a Satumban 2008, kuma gaskiya ne masu jari na waje sun janye kuɗinsu. Amma kasuwarmu ta fara gangara watanni kafin haka, ciwon na cikin gida ne. Ranar 14 ga Agusta 2009 sabon gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, bayan binciken musamman ya nuna tulin bashin da ba ya biyuwa amma an rubuta shi lafiyayye. Jimillar abin da Babban Banki ya zuba don ceto bankunan da abin ya shafa ya kai naira biliyan 620. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu a 2010. Masu ajiya sun tsira. Masu hannun jari ne suka kwana ciki, wasu har yau takardun na cikin akwati ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka saye su ba. Kuma ba bankuna kaɗai ba ne: tun 2006 aka gano an kumbura lissafin Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13 cikin 'yan shekaru, alhali rahotannin na ɗauke da sa hannun masu bincike.

Gyare-gyaren da suka biyo baya su ne muke rayuwa da su yanzu. An tilasta wa bankuna duka rufe lissafi ranar 31 ga Disamba. An kafa AMCON a 2010 ta sayi munanan basussuka, aka kafa hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi a 2011, daga 2012 kuma kamfanonin da ke kasuwa suka koma ƙa'idojin duniya na IFRS. Tun daga nan rahoto ya daina zama shafin riba da asara kawai. Dole kamfani ya bayyana haɗarin da ke kansa: wa ke riƙe da bashinsa kuma me zai faru in bai biya ba, nawa yake da shi a hannu in masu jari suka zo neman kuɗinsu rana ɗaya, me canjin farashin dala ko kuɗin ruwa zai yi masa. Dole ya faɗi cinikin da ya yi da daraktocinsa da kamfanoninsu. Daga 2018 ba a jiran bashi ya mutu kafin a ware masa kuɗi, tun ranar da aka ba da shi ake ƙiyasta asarar da ka iya faruwa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta mayar da kwamitin bincike mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktoci.

An ga amfanin wannan a 2023. Da aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, manyan kamfanoni irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria suka bayyana asara saboda bashin dala da ke kansu. Asarar ta yi ciwo, amma ba a ɓoye ta ba, kuma wanda ya karanta sashen haɗarin canji a rahoton shekarar da ta gabata ya san bashin na nan.

Sai dai ƙa'idar ta bar ƙofa guda wadda ta shafi kamfanin zuba jari fiye da kowa. Hannun jarin da ake cinikinsa a kasuwar hannayen jari ta NGX farashinsa a bayyane yake, kowa na iya dubawa. Amma fili da otal da rukunin shaguna da kaso a masana'antar da ba ta kasuwa, kamfanin ne da masu ƙiyasinsa ke yanke musu daraja. Masana'anta na iya shekara goma a kulle, injuna sun yi tsatsa, a littafi kuwa tana nan da darajarta. Ana iya ɗaga ƙimar fili a rubuta ƙarin a matsayin riba ba tare da kwabo ya shigo ba. Wannan ita ce ribar da babin ƙiradi ya hana rabawa, shi ya sa a ganina shafin da ke nuna shigar tsabar kuɗi da fitarsu ya fi shafin riba gaskiya.

Haɗarinmu na nan gida kuma ba irin na Legas ba ne. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris na 2024. Gobara ta ci Babbar Kasuwa a Janairun 2021. Rashin tsaro a gabashin jihar ya hana noma a wurare da dama. Kamfanin da ya zuba jarinsa duka a kan 'yan kasuwar da ke bin hanya ɗaya, ko manoman albasa na fadama ɗaya, yana iya ganin yana da abokan hulɗa ɗari, alhali haɗari guda ne ya ɗauka sau ɗari. Mai ba da kuɗinsa kuma ya sani cewa inshorar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, ta masu ajiya a banki ce, ba ta rufe hannun jari ko kuɗin da aka ba kamfani ya juya ba.

Ga kuma dukiyar da ta ɓace wa masu ita ba tare da an sace ba. CCNN ya bi ta hannun kamfanin Scancem na ƙasar waje a 2000, daga baya ya koma BUA, ya narke cikin BUA Cement da aka sa a kasuwa a Janairun 2020. Akwai gidaje a Sakkwato da tsohon satifiket ɗin mahaifi ke ajiye, magada ba su san ya koma wani suna ba, ba su kuma sa shi a rabon gado ba. A 2023 SEC ta ce ribar hannun jarin da ba a karɓa ba a ƙasar ta kai kimanin naira biliyan 190. Wannan haƙƙin marayu ne a lokuta da yawa, kuma ya kamata alƙalan da ke raba gado su riƙa tambayarsa kamar yadda suke tambayar gona.

Kamfanin da ke kasuwar hannayen jari dole ya fitar da lissafi duk wata uku, in ya makara a ci shi tara. Kamfanin da gwamnatin jiha ta mallaka ita kaɗai ba ya ƙarƙashin wannan matsi. Sashe na 125 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ba Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ikon bincika hukumomin gwamnati masu cin gashin kansu kai tsaye ba. Abin da ya ba shi shi ne ya ba su jerin masu binciken da za su zaɓa, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kuma riƙa kai musu dubawa lokaci zuwa lokaci. Rahotonsa na zuwa Majalisar Dokoki, inda kwamitin asusun gwamnati ke da ikon kiran kowa ya yi bayani. An raba tsohuwar Jihar Sakkwato sau biyu, Kebbi ta fita a 1991, Zamfara a 1996, kowane karo an raba kadarori. Ina ganin haƙƙin mutanen jihar ne majalisarsu ta nemi cikakken jerin hannayen jarin da aka saya da sunansu tun shekarun 1970, wanne aka sayar, a wane farashi, wanne ya rage, da ribar da ya kawo bara, a buga shi da Hausa a kuma karanta shi a Rediyon Rima.