Waiwaye: Yadda Opera Ta Daɗe Tana Ba Da Labarin Masu Waƙa

Duk wanda ya bi jerin sababbin wasannin opera da aka fitar a Turai da Amurka cikin shekaru talatin da suka wuce, zai ga masu fasaha sun cika dandamali. Ga Charlie Parker mai busa saksofon, ga Maria Callas zabiyar opera, ga Frida Kahlo mai zane, ga Federico García Lorca da Virginia Woolf marubuta. Opera dai wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ƙungiyar makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali tana raka muryoyin. Da can an fi saninta da labarin sarakuna da alloli da masoyan da ke mutuwa a babin ƙarshe. Yanzu kuwa sai ga ta tana yawan juyowa ta dubi masu sana'a irin tata.

Abin ya samo asali tun ranar da aka haifi fasahar. Opera mafi tsufa da kiɗanta ya iso hannunmu ita ce Euridice ta Jacopo Peri, wadda aka yi a Florence a 1600. Bayan shekara bakwai Claudio Monteverdi, makaɗin fadar gidan Gonzaga a Mantua, ya fitar da L'Orfeo. Dukansu labari ɗaya suka ɗauko daga tatsuniyar Girkawa: Orpheus, mawaƙi mai molo, wanda maciji ya sari amaryarsa ta mutu, ya bi ta har duniyar matattu yana roƙo da waƙa a ba shi ita. Akwai dabara a zaɓen. A lokacin masu kallo ba su saba ganin mutum yana rera maganarsa ta yau da kullum ba, abin zai iya zama na dariya. To amma idan jarumin mawaƙi ne, wa zai tambayi dalilin da ya sa yake waƙa? Daga nan Orpheus bai sake barin dandamali ba. Gluck ya yi nasa a Vienna a 1762, Harrison Birtwistle a Landan a 1986, Philip Glass a 1993. Matthew Aucoin kuma, a Los Angeles a 2020, ya mayar da labarin hannun amaryar, ya kuma raba mijin gida biyu: mawaƙi ɗaya na rera mutumin, wani mai siririyar murya na biye da shi a matsayin baiwar da ke janye hankalinsa daga matarsa.

A ƙarni na 19 mai fasaha ya sauko daga tatsuniya ya shigo gari. Berlioz ya yi Benvenuto Cellini a 1838 kan wani maƙerin zinariya. Puccini ya kawo samarin La bohème a 1896, matalautan da ke ƙona rubutunsu don jin ɗumi a ɗakin haya, sannan Tosca a 1900, inda jarumar zabiya ce, masoyinta mai zane. Sai dai a waɗannan, sana'ar riga ce kawai aka sa wa masoya.

Wanda ya nuna aikin kansa shi ne Wagner, a Die Meistersinger von Nürnberg ta 1868. Labarin ƙungiyar masu sana'ar hannu ne da ke gasar waƙa bisa tsauraran ƙa'idoji. Idan sabon shiga ya tashi rerawa, akwai alƙali a ɓoye bayan labule da allo da alli, kowane kuskure sai a ji ƙarar allin yana jan layi. Hans Sachs, baduku kuma mawaƙi wanda ya rayu da gaske a Nuremberg, ya rama wa saurayin da aka kayar: da alƙalin nan ya zo rera waƙar neman aure da dare, Sachs na zaune da takalmi a cinya, duk inda ya yi tuntuɓe sai ya buga guduma, har ya gama ɗinkin kafin waƙar ta ƙare. Washegari kuma mai kallo yana gani ana gina waƙa baiti bayan baiti, saurayin na faɗa, dattijon na rubutawa yana gyara masa. Wagner mutum ne da ƙiyayyarsa ga Yahudawa ta ɓata masa suna, kuma 'yan Nazi sun rungumi wannan wasa daga baya. Duk da haka, a ganina, har yau babu wanda ya kama ƙafarsa wajen nuna yadda ake ƙera waƙa.

A nan ne kuma gizo ke saƙar. Idan ka ce jaruminka gwani ne na gwanaye, dole ka sa masu sauraro su ji gwanintar da kunnensu. Ko dai ka tsara kiɗan da ya kai matsayin, ko ka aro na mai shi. Rimsky-Korsakov, a Mozart da Salieri ta 1898, aro ya yi: ya saka wani yanki na kiɗan jana'izar da Mozart ya mutu bai ƙarasa ba. Labarin kuwa, wanda ya ɗauko daga wasan Pushkin, ya ginu ne kan jita-jitar cewa Salieri, wani mai tsara kiɗa na zamaninsa, ya sa wa Mozart guba, zargin da masana tarihi ba su samu hujjarsa ba.

Jamus ce ta mayar da irin wannan wasa fagen siyasa. Palestrina ta Hans Pfitzner, a Munich a 1917, ta nuna tsohon mai tsara kiɗan coci da wani babban limami ya matsa wa lamba ya rubuta abin da zai hana majalisar malaman Katolika haramta kiɗa mai muryoyi da yawa. Ya ƙi, har ta kai shi kurkuku, alhali a dare ɗaya mala'iku sun riga sun shifta masa aikin. Bayan shekara goma Ernst Krenek ya tayar da ƙura a Leipzig da Jonny spielt auf, labarin baƙin Ba'amurke makaɗin jazz da ya sace gogen wani Bature. Wasan ya yi tashe a gidajen wasa masu yawa, amma farar fata ne ke shafa baƙi a fuska ya fito a matsayin Jonny. 'Yan Nazi sun tsane shi. A baje kolin da suka shirya a Düsseldorf a 1938 don tozarta abin da suka kira gurɓataccen kiɗa, hoton tallan zanen izgili ne na baƙin mutum riƙe da saksofon. A shekarar ce kuma aka fara nuna Mathis der Maler ta Paul Hindemith a Zurich, domin an hana ta a gida. Mai zane ne ya ajiye aikinsa ya shiga tawayen manoma na wajen 1525, ya ga ta'asar da ɓangarorin biyu ke yi, ya dawo yana tambayar kansa amfanin zane a lokacin fitina. A ciki har da wurin da ake shirin ƙona littattafai, kuma kowa ya gane inda aka dosa. Hindemith ya bar Jamus a wannan shekara.

Abin da ya sauya daga wajen 1990 zuwa yau shi ne waɗanda ake zaɓa. Ba lallai sai tsohon Bature na ƙarnin da ya shuɗe ba. Ana ɗauko mata, da baƙaƙe, da mutanen Latin Amurka, da waɗanda 'ya'yansu ke raye. Kaija Saariaho 'yar Finland ta yi L'Amour de loin a Salzburg a 2000, da baitocin Amin Maalouf ɗan asalin Lebanon, kan wani basaraken mawaƙi na ƙarni na 12 da ya kamu da son wata mata a Tripoli ta Lebanon ta yau ba tare da ya taɓa ganinta ba. Da gidan Metropolitan na New York ya nuna ta a 2016, ita ce opera ta farko ta mace da ya sa tun 1903.

Charlie Parker's Yardbird, wadda aka buɗe a Philadelphia a 2015, ta fi kowacce nuna ƙarfi da raunin wannan salo. Parker ya mutu a watan Maris na 1955 yana da shekara 34, a masaukin wata baturiya mai ɗaure wa makaɗan jazz gindi, Nica de Koenigswarter. Ƙwaya da giya sun cinye jikinsa har likitan da ya duba gawar ya zaci ya haura hamsin. Daniel Schnyder, ɗan Switzerland wanda shi ma mabushin saksofon ne, da marubuciya Bridgette Wimberly, sun fara wasan ne daga wannan gaɓa. Gawa na kwance ba a riga an gane mai ita ba, kurwarsa kuma ta koma Birdland, gidan rawar da aka raɗa wa laƙabinsa na Bird, tana so ta rubuta babban kiɗan da bai samu yi ba a raye. Burin gaskiya ne, domin Parker ya taɓa neman Edgard Varèse ya koya masa tsara kiɗa. Sai mutanen rayuwarsa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya: mahaifiyarsa Addie, matansa, abokinsa Dizzy Gillespie.

Schnyder bai sa jarumin ya busa komai ba. Muryar Lawrence Brownlee, baƙin mawaƙin da ya yi suna da wasannin Rossini masu gudu da hawa sama, ita ta tsaya a madadin saksofon. Dabara ce mai kyau, domin duk wanda aka sa ya busa a matsayin Parker kunya zai sha. Amma sakamakon shi ne mai kallo zai tashi ya san Parker ya sha ƙwaya, ya kwanta asibitin mahaukata, ya rasa 'yarsa ƙarama, bai kuwa san abin da ya sa makaɗa suka riƙa kwaikwayonsa ba. Shi da bakinsa ya faɗa a wata hira cewa ya yi shekaru yana atisaye awa 11 zuwa 15 a rana. Wannan ne rayuwar mai fasaha, kuma shi ne abin da ba ya kalluwa.

Saboda haka kusan dukansu ta ƙofar mutuwa suke shiga. Ainadamar ta Osvaldo Golijov, ta 2003, tana farawa da 'yar wasa Margarita Xirgu a Montevideo a 1969, dab da ajalinta, tana tuna Lorca da aka harbe kusa da Granada a 1936. Har ƙarar bindiga aka mayar da ita kiɗa. A wasan Gabriela Lena Frank na San Diego a 2022, Frida Kahlo ce ke dawowa daga duniyar matattu na yini guda don ta ga mijinta Diego Rivera. Marina Abramović kuwa ba ta ɓoye ba: a Munich a 2020 ta jera mace-macen dandamali guda bakwai da sunan Callas. Mutuwa na ba marubuci damar tsallake shekaru yadda ya ga dama, ba sai ya bi tarihi daki-daki ba. Illar ita ce an saba wa jama'a da ganin mai baiwa a matsayin majinyaci.

Afirka ta Kudu ma ta bi wannan ƙofa, amma ta warware matsalar kiɗan ta wata hanya. A Durban a 2002 aka buɗe Princess Magogo kaDinuzulu, opera da harshen Zulu, wadda Mzilikazi Khumalo ya tsara, Sibongile Khumalo ta fito a matsayin jarumar. Magogo 'yar Sarki Dinuzulu ce, mahaifiyar ɗan siyasa Mangosuthu Buthelezi, ta rayu daga 1900 zuwa 1989. Ta shahara da kaɗa ugubhu, wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya a jiki, kuma ita ce rumbun tsofaffin waƙoƙin gidan sarautar. An ɗauki muryarta a faifai tun tana raye. Khumalo bai tsaya ƙirƙira mata gwaninta ba, waƙoƙinta ya saƙa a cikin wasan, don haka mai sauraro na jin abin da ya sa ake girmama ta. Ya samu sauƙin da Schnyder bai samu ba: baiwar Magogo a waƙoƙi take, ana iya miƙa su ga wani maƙogwaro, ta Parker kuwa a busar da yake ƙirƙira nan take take, ta tafi da shi.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa a takardar shirin wasa ba. Sabuwar opera caca ce mai tsada, sanannen suna kuma rabin talla ne. Bayan annobar korona gidajen wasa sun rasa 'yan kallo. A ƙarshen 2022 Metropolitan ya sanar zai ciri har dala miliyan 30 daga asusun ajiyarsa, ya kuma ƙara yawan sababbin wasanni, ganin yadda The Hours ta Kevin Puts, mai Virginia Woolf a ciki, da wasan Terence Blanchard suka cika kujeru. Blanchard, mabushin ƙahon jazz, shi ne baƙin mutum na farko da gidan ya nuna operarsa, a 2021, shekara 138 bayan kafa shi. Daga baya ba duk sababbin ne suka sayu haka ba, gidan kuma ya sake komawa asusun.

Wanda ya kauce wa hanyar gaba ɗaya shi ne George Lewis. Operarsa Afterword, ta 2015, kan AACM take, ƙungiyar da baƙaƙen makaɗa suka kafa a kudancin Chicago a 1965 don su riƙa shirya wasanninsu da kansu maimakon jiran masu gidajen rawa. Babu jarumi guda, babu gawa. Baitocin daga hirarraki da faifan tarurrukan farko na ƙungiyar aka ciro su, mawaƙa uku na karɓa-karɓar muryoyin mambobi suna gardama: wane kiɗa ne za a kira na ƙashin kai, wa ya cancanci shiga, me za a yi da sunan ƙungiyar. Mutane ne masu iyali da suka yi ƙaura daga jihohin kudancin ƙasar Amurka, suna neman yadda za su ci abinci da fasaharsu. A gidan adana zane-zanen zamani na Chicago aka nuna ta, da wasu bukukuwan sabon kiɗa a Turai, ba a manyan gidajen opera ba.