Harbin saiti da bindigar iska

Harbin saiti da bindigar iska wasa ne da ake yi a tsaye, cikin rufaffen ɗaki, daga nisan mita 10. Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munich na Jamus ce ke tsara dokokinsa, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1984. Ɗan wasa yana harbi 60 cikin minti 75, maza da mata daidai tun 2018. Maki mafi girma a harbi guda 10.9 ne, jimlarsa 654.

Ana kafa takardar saitin tsakiyarta na mita 1.40 daga ƙasa. Baƙin da'irar da ido ke hangowa a takardar faɗinsa milimita 30.5 ne, amma ɗigon maki 10 rabin milimita ne kacal, bai kai ƙwayar gero ba.

Bindiga da harsashi

Bakin bindigar milimita 4.5 ne, nauyinta kada ya wuce kilo 5.5. Ba a yarda da madubin hange ba: ana leƙawa ta ɗan rami a baya, a daidaita zoben gaba ya kewaye baƙin takarda. Bindigogin gasa, irin na kamfanonin Feinwerkbau, Walther da Anschütz, suna da silinda da ake cika wa iska har bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wasu 300. Bindiga mai sifirin maimakon silinda ta fi arha, sai dai tana zabura lokacin harbi, abin da ke wahalar da ɗan koyo. Harsashin na dalma ne, kusan rabin giram, kansa a shafe domin ya huda takarda tsaf a iya ƙirga maki. Wanda gefensa ya lotse a ajiye shi, ba zai tafi daidai ba.

Riga mai kauri, wando da takalmin gasa suna iya jira. Safar hannun hagu ce farkon abin saye.

Tsayuwa da jan kunama

Nan ne wasan yake, kuma nan ne masu koyo suka fi ɗora wa bindiga laifin da ba nata ba. Mai harbi da dama yana ba takarda gefen hagunsa, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Ya ɗan tura ƙugu wajen takarda, ya kafa gwiwar hannun hagu a kan ƙugu ko haƙarƙari, bindiga ta zauna kan dunƙulen hannu. Ƙashi ne zai ɗauki nauyin. Idan tsoka ta ɗauka, kafin harbi na goma hannu ya fara kaɗawa.

Bayan ya tsaya, sai ya rufe ido, ya yi numfashi biyu, ya buɗe. Inda bindiga ta nufa a lokacin, can jikinsa yake son harbawa. In ta kauce, ƙafa ake gyarawa. Wanda ya murɗo ta da hannu, da kunama ta saki jiki zai koma inda ya fito, harsashi ya bi shi.

Ana fitar da numfashi, a dakata, a harba cikin daƙiƙa shida zuwa takwas. In lokaci ya wuce, ido ya dushe, a sauke a sake. Sauke bindiga ba abin kunya ba ne. Bakin bindiga ba ya daina ɗan motsi ko a hannun gwani. Mai jiran ya tsaya cak shi ke fizgar kunama, harsashi ya fita gefe. Da tsokar gaɓar farko ta manuniya ake matsa ta, a hankali, kai tsaye baya, sannan a ci gaba da saiti daƙiƙa biyu bayan harsashi ya tafi. Ba a taɓa maɓallan gyaran saiti sai harbi biyar zuwa goma sun taru wuri guda.

Doka da yanayin Katsina

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallaka. A Katsina da Daura, inda rashin tsaro ya sa kowa ke sa ido, wajibi ne a riƙa ɗaukar ta cikin akwatinta a rufe, babu harsashi, lasisi na tare. Wurin atisaye yana bukatar zaure mai tsawon kamar mita 13, ƙofa a kulle, da akwatin ƙarfe mai tare harsashi a bayan takarda. Duk lokacin da ba a harbi, ana zura igiyar roba mai launi ta cikin bututun don kowa ya ga babu komai.

Zafin bazara yana ƙara matsin iskar silinda, saboda haka ba a barin ta cikin mota a rana. Ƙurar hunturu tana cin robobin da ke toshe iska, alamarta kuwa harsashi ya riƙa sauka ƙasa-ƙasa. Da damina famfon hannu yana tura danshi ciki, sai an sa masa matacin ruwa. Busasshiyar iska kawai ake cikawa, ban da iskar oksijin, ban da mai, domin suna iya fasa ta. Silinda tana ƙare aiki bayan shekara 10 daga ranar da aka buga a jikinta. Dalma guba ce, musamman ga yara: a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a kwashe burbushinta da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.