Rabon ikon 'yan sanda da shari'a a Sudan

Rabon ikon 'yan sanda da shari'a a Sudan batu ne na ko wa ke da hurumin kafa 'yan sanda, da tsare fursuna, da yanke hukunci: gwamnatin Khartoum, ko majalisun dokoki na yankuna da jihohi, waɗanda a can ake kira wilaya. An sha rubuta wa yankuna wannan iko a takarda, amma sau da yawa linzamin na hannun Khartoum.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun fara miƙa shari'a ne ga sarakunan gargajiya, ba ga zaɓaɓɓun majalisu ba. Dokar 1922 ta ba shehunan makiyaya ikon yanke hukunci, ta 1927 ta faɗaɗa shi, sannan dokar kotunan gargajiya ta 1932 ta tsara shi. Wannan tsari shi ne idara ahliyya: nazir a sama, umda a ƙarƙashinsa, sai shehun ƙauye. Rigimar gona da makiyaya, da diyya, da ƙananan laifuka duk a gabansu ake kashewa.

Hausawa da Fulanin da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun samu gurbi a cikinsa. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu Shuɗi kusa da Sennar, wajejen 1906, kuma hukuma ta amince da shi a matsayin sultan mai shari'a tsakanin jama'arsa. Sauran zangonnin Hausawa da yawa kuwa sun zauna ne ƙarƙashin nazirin ƙabilar da ke da ƙasar, abin da har yau bai daina ciwo ba. Gwamnatin Ja'afar Numeiri ta rushe idara ahliyya a farkon shekarun 1970, daga baya aka maido da ita da raguwar ƙarfi.

Majalisun yanki

Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin basasa na farko tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Kudancin Sudan, ita ce ta fara ba wata majalisar yanki iko na gaske. Majalisar yankin Kudu da ke birnin Juba ta samu hurumin yin doka kan tsaron cikin gida, da ɗaukar 'yan sanda da gandirobobi, bisa ma'aunin ƙasa. A 1983 Numeiri ya raba Kudu gida uku, tsarin ya watse, yaƙi ya dawo.

Mulkin Umar al-Bashir ya kafa jihohi 9 a 1991, ya mai da su 26 a 1994. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Naivasha tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Kudu, ya sanya 'yan sandan jiha da kotunan jiha cikin ikon jihohi. A Kudu an aiwatar da wani ɓangare kafin ɓallewar yankin daga Sudan a 2011. A Arewa 'yan sanda sun ci gaba da karɓar umarni daga ma'aikatar cikin gida, kuma gyaran tsarin mulki na 2015 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa gwamnoni.

Bayan 2020

Yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020, tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin 'yan tawaye, ta yi wa jihohin Nilu Shuɗi da Kordofan ta Kudu alƙawarin cin gashin kai. A 2022 neman masarautar Hausawa cikin idara ahliyya ta Nilu Shuɗi ya zama ɗaya daga cikin musabbaban rikicin da ya ci ɗaruruwan rayuka a Roseires da Wad al-Mahi. Hausawa da ƙabilun da suka yi rikicin da su sun saɓa kan wanda ya fara. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dakatar da maganar.