Waiwaye: Daga zauren alƙali zuwa kotun shari'a a Bauchi

Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotun shari'a a cikin garin Bauchi ya san abin da ya fi cika ta: mace da goyo tana neman khul'i, 'yan'uwa sun kasa raba gidan gado, wani ya biyo bashin buhun masara. Irin ƙararrakin da alƙalai ke saurara ke nan tun zamanin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu da ya kafa masarautar. Abin da ya yi ta sauya hannu shi ne linzamin kotun.

Da Turawa suka ci Bauchi a 1902 ba su rushe kotunan alƙalai ba, don ba su da mutanen da za su ɗora a gurbinsu. Sai suka hana yanke hannu da jefewa, suka bar saura. Ana gab da samun 'yancin kai kuma, ƙabilun da ba Musulmi ba suka kai kuka cewa suna tsoron abin da zai biyo bayan tafiyar Bature. Wannan kukan na cikin abin da ya sa gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A nan aka haifi kundin laifuffuka na Arewa, wanda tsofaffin ma'aikatan kotu ke kira Final Kod, ya fara aiki a 1960. Sulhu ne aka yi, kowa ya rage buri: laifi ya koma kundi guda, aure da gado suka zauna a hannun fiƙihun Malikiyya. Ba a yi shekara goma ba sojoji suka soke kotunan sarakuna, alƙali ya zama ma'aikacin gwamnatin jiha.

A 1999 sai guguwar neman dawo da shari'ar Musulunci ta taso daga ƙasa. Zamfara ta fara, jama'a a Bauchi suka matsa wa 'yan siyasa lamba, gwamnatin Ahmad Adamu Mu'azu ta ƙaddamar da shari'a a 2001, shekarar da garin Tafawa Ɓalewa na jihar ya sake rikicewa. A ganina, talakan da ya fita yana kabbara ba haddi kaɗai yake ƙishirwa ba. Ya gaji ne da shari'ar da ake ɗagewa har mai ƙara ya mutu, da kuma mai kuɗin da ba ya faɗuwa.

Idan kuma doka ta sauko daga sama, jira take sha. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 sai a 2023 Bauchi ta yi tata, kuma batun shekarun aurar da yarinya na cikin abin da ya riƙe ta. Har yau idan rigima ta tashi a unguwa, wurin mai unguwa ko liman ake fara zuwa. Sai an kasa ne wani ya ce, "To, mu haɗu gaban alƙali."