Mece ce "kurosoba" a duniyar littattafai?

Masu buga littattafai a Ingila da Amurka suna da wata kalma da ba ta barin bakinsu idan ana zancen littattafan yara: kurosoba. Asalin ma'anarta tsallakawa daga wani ɓangare zuwa wani. A wurinsu tana nufin littafin da aka rubuta don yara ko matasa, aka jera shi a sashen yara, sai ga manya sun ɗauka sun kasa ajiyewa. Akan samu akasin haka, littafin manya ya faɗa hannun yara su karɓe shi, amma galibi na farkon ake nufi.

Kalmar tana bayyana waɗanda ke karanta littafin ne, ba ta faɗin irin labarin da ke ciki. Sai dai cikin ire-iren labaran da ke yin wannan tsallake akwai fantasi mai ban dariya, wato labarin kasada a wata duniya da marubuci ya ƙirƙira, mai matsafa da dodanni da dabbobi masu magana, inda jarumi ke cikin haɗari na gaske amma mai karatu na ƙyaƙyata dariya. Ya sha bamban da tatsuniya. Ita tatsuniya gajeriya ce, ba a san mai ita ba. Wannan kuwa yana da marubuci, yana da babi-babi, kuma sihirin cikinsa yana da ƙa'idojin da ko shi marubucin bai isa ya karya su don ya ceci jaruminsa ba.

Abin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Lewis Carroll, malamin lissafi a Jami'ar Okusfod, ya fitar da Alice's Adventures in Wonderland a 1865, kuma har yau manya na nazarin wasan kalmomi da na hankali da ya cusa a ciki. Shi kuwa The Hobbit na Tolkien, kafin a buga shi a 1937, mai kamfanin da ya buga shi, Stanley Unwin, ya miƙa wa ɗansa Rayner mai shekara 10 rubutun ya karanta. Yaron ya rubuta ɗan rahoto na yabo, aka biya shi sule ɗaya. Littafin da manya ke ta sharhi a kansa yau, yaro ne ya fara ba shi izinin fita.

Kalmar ta yi tashe ne bayan fitowar Harry Potter a 1997. Manya sun rungumi littafin har kamfanin Bloomsbury ya sake fitar da shi a 1998 da bango na manya, ba a taɓa ko harafi a ciki ba, don kawai babba ya karanta a bainar jama'a ba tare da jin kunya ba. A shekarar 2000 jaridar New York Times ta buɗe wa littattafan yara jerinsu daban na waɗanda suka fi kasuwa, saboda littattafan Harry Potter sun mamaye saman jerin manya.

A ganina, wanda ya fi nuna yadda abin yake aiki shi ne Terry Pratchett. A 2001 ya fitar da The Amazing Maurice and His Educated Rodents, wanda ya ci lambar Carnegie ta littattafan yara. Labarin wani kyanwa ne mai wayon tsiya, da garken ɓeraye da suka yi hankali bayan sun ci sharar matsafa, da wani yaro mai busa sarewa. Sana'arsu damfara: ɓeraye su addabi gari, yaro ya zo ya kore su da busa, a biya shi, a raba kuɗi. Ɓerayen nan sun samo sunayensu daga jikin gwangwanaye tun kafin su gane ma'anar abin da suke karantawa, kuma yaro zai yi dariyar wannan har da hawaye. Amma ɓeran da ya yi hankali dole ya fara tambayar kansa ina ake zuwa bayan mutuwa, ko ya dace a ci gawar ɗan'uwa, ko cutar mutane halal ce. Nan ne babba ke yin shiru da littafi a hannu. Yaron ma yana jin nauyin tambayar, ko da bai iya faɗinta ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an laƙaba sunan kurosoba ga littafin da aka yayyafa wa barkwancin manya, irin wanda ke wucewa ta saman kan yaro. Wannan raina yaro ne, kuma yara suna ganewa da wuri. A littafin ƙwarai wargi ɗaya ne ke ba su dariya su biyun: yaro na dariyar sarkin da rawaninsa ya faɗi a gaban fadawa, babba na dariya domin ya taɓa aiki a ƙarƙashin irin wannan sarki. C. S. Lewis ya faɗi ra'ayinsa tun 1952, cewa labarin yaran da yara kaɗai ke jin daɗinsa ba labari mai kyau ba ne, kuma a lokacin yana tsakiyar fitar da littattafansa bakwai na Narnia.