Auna busasshen ganyen da ya rufe ƙasa a gandun itatuwa

Duk shekara in sababbin ma'aikata sun zo gandun dogon yaro da na dakwara a nan Sakkwato, tambayoyin nan dai suke maimaita mini. Ga amsa, a riƙe ta.

Me ake aunawa?
Kashi nawa cikin ɗari na ƙasa busasshen ganye, ƙirare da ɓawo suka rufe. Shi ke nan.

Ba a iya kintata da ido?
A'a. Miƙe igiya mai tsawon mita 50, kowace mita ka sauke tsinke a tsaye, ka rubuta abin da ya taɓa. Ganye sau 20 cikin 50, kashi 40 ke nan. Kuma don Allah, ƙannena, ku daina karkata igiya zuwa gindin itace don adadi ya yi kyau. Ƙarya ce kuke rubutawa, wani kuma zai ɗora aiki a kanta.

Ciyawa da ke tsaye fa?
Ba ta ciki. Kashin shanu ma a ba shi gurbinsa daban.

Wane lokaci ya fi dacewa?
To, nan ne sai an natsu. Ya danganta da itacen, da kuma wanda ke shiga gandun. Bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, ya fi sauƙi, amma a lokacin dogon yaro bai yi zubar ganyensa na rani ba. In ka jira tsakiyar hunturu, iska ta riga ta tara ganyen a kwari ta bar tudu tsirara. Zuwa Afrilu awaki sun ci nasu, gara ta ja nata cikin ƙasa, wani lokaci ma wuta ta bi. Gawo kuwa nasa daban ne: da damina yake zubar da ganye. Ni dai na fi son a auna sau biyu, ƙarshen damina da ƙarshen rani, kan layi ɗaya da aka kafa wa turke. In sau ɗaya kaɗai za ka iya, to baɗi ka dawo a makon da ka zo bana.

Meye amfanin wahalar nan?
Tura hannu ƙarƙashin ganyen da azahar, sannan ka taɓa yashin fili. Inda ya rufu laima na daɗewa, ruwan farko kuma ba ya kwashe ƙasa.

Adadina ya yi ƙasa sosai, na yi kuskure ne?
Kwantar da hankalinka. Dakwara ganyenta ƙanana ne, ba za ta rufe ƙasa kamar dogon yaro ba. Rubuta abin da tsinke ya taɓa, ka ƙara da ko ka ga sawun dabbobi ko toka.